Raɓar da Ta Zama Dutse

A Bradford, hawa na uku, bayan shuɗin labule,
ni ce tafinta tsakanin Baba da likita.
Ta ce, "Tambaye shi, ina ke ciwon?"
Baba ya dubi tagar da ruwa ke duka,
ya ce, "Gaya mata ƙugu ne."

Ba ƙugu ba ne.
Ni ke wanke banɗaki, na ga jan da yake bari da asuba,
na ji nishinsa bayan ƙofa
kamar mai sauke buhu.

Ta yaya 'ya za ta karɓi kalmar mafitsara
daga bakin uba ta miƙa wa baƙuwa?
Na karɓa. Garwashi ce a tafin hannu.

Hoto ya fito: siririn bututun roba, lanƙwashe kai da gindi,
daga ƙoda har mara.
Ranar da aka fasa masa tsakuwa aka sa shi,
a kan zai yi mako shida.
Wasiƙar cirewa ta je tsohon gidanmu,
mu kuwa mun tashi.
Shekara huɗu!
Gishirin jiki ya hau shi ya daskare
kamar gindin butar shayi,
ƙwayoyin cuta suka kafa gari,
ƙodar hagu ta kumbura tana neman ƙofa.

An ce baƙo raɓa ne.
Wannan ya kwana, ya wuni, ya zama dutse.

"Ba a fizgarsa," in ji Dakta Pritchard, "sai ya yaga hanya."
Zazzaɓi aka fara kashewa,
kwana biyar magani na ɗiga ta jijiya.
Sannan aka zura kyamara mai kaurin igiyar takalmi,
haske ya yi ta ɓarzar dutsen kaɗan-kaɗan.
Sau biyu ana shiga da shi,
ni ina waje, carbi a hannu, kofi ya huce.

Da aka nuna masa abin cikin kwalba,
tsohon direban tasi ya juya shi, ya yi tsaki:
"Fasinja shekara huɗu, ko sisi bai biya ba!"

Yanzu da asuba ƙarar famfo kawai nake ji,
alwala ɗaya na kai shi har azahar.

Jiya yana ɗaura agogo, bai ɗago ba, ya ce,
"Balaraba, abin da kika ji a can..."
Na ce, "Ban ji komai ba, Baba.
Turanci ne kawai."