Jan Layi

A Jidda, bene na uku, bayan kasuwar Hindawiyya,
nake biyan riyal duk ƙarshen wata
don fuskoki biyar su tsaya a jere a kan allo.
Mai murmushin ni ce.
Zomon na Ladiyo ne, ta zaɓe shi tana aji huɗu.
Tanimu ya ɗauki wani mai gashin baki,
shi da ko tsinke bai fito masa ba.
Inna ta ce ba ruwanta, muka ba ta mage,
har yau ba ta sani ba.
Ta biyar muka rubuta mata Baƙo,
don zaurenmu na Madani bai taɓa kwana ba kowa ba.

Kalmar sirrin sunan akuyarmu ce
da shekarar da ruwa ya ci katangar gabas.
Wane ɓarawo zai canka?

Da harbi ya iso unguwa
kowa ya bi motar da ta tsaya masa.
Inna da Ladiyo a Gadarif, ɗakin kawu.
Tanimu a Bur Sudan, buhu a wuya, gishiri a leɓe.
Akuyar, ban tambaya ba.

Tanimu ba ya kira.
Ko muna yara sai an matsa bakinsa magana ke fita.
Amma ƙarƙashin kowane fim akwai wani jan layi
da ke nuna inda mutum ya tsaya.
In na taso daga gogen asibiti, hannu na warin magani,
kafin in cire takalmi fuskarsa nake shiga.
Jiya minti sha bakwai.
Yau arba'in da biyu.
To, an kawo wuta.
To, ya samu wurin jingina baya.
To, yana nan.
Wata takwas ina karanta ɗan'uwana a layin nan
kamar mai duba a ƙasa.

Sai ran wata Talata saƙo ya fito, da Larabci mai ladabi:
wannan na'ura ba ta cikin gidanku.
Wai gida shi ne masu kwana rufi ɗaya,
masu shan intanet daga rijiya ɗaya.
In haka ne gidana 'yar Habasha ce mai minshari a katifar kusa da ƙofa,
da na'urar sanyi mai ɗiga a bokiti,
da kyankyaso biyu da suka riga mu haya.

Suka ce za su turo lamba wayata in tura masa.
Lambar ta zo wayar na kulle a loka,
ni ina hawa na shida da tsumma.
Kafin in sauko ta mutu.
Sau biyu ya gwada.
Tanimu ba ya roƙo sau uku.

Akwai ƙofa, ba su ɓoye ba:
ƙara kuɗi, ka sayi ɗan gida.
Na zauna da biro a bayan rasit,
kuɗin ya yi daidai da rabin maganin hawan jinin Inna.
Na saya mata maganin.
Ladiyo ta yi fushin kwana uku, ta koma lido da 'ya'yan kawu.

Ban zagi kamfanin ba.
Mai shago ya ƙirga kayansa, me zan ce?
Na so dai a ce wanda ya rubuta ma'anar gida
ya taɓa cin tuwo a kwanon da hannu bakwai ke ciki,
ya ga ko za a iya sanin lomar wa ta fi.

Layin yana nan a awa ɗaya da minti uku.
Wani mutum ya ɗaga ƙafa zai shiga jirgin ƙasa,
sati shida ke nan bai sauke ta ba.
Ina son in san ko ya samu kujera,
amma in na danna, layin zai matsa,
gobe in manta
in ɗauka Tanimu ne.