Ƙofa a Ƙarƙashin Fata

A Vigo ruwan sama ba ya sallama,
sai dai ka farka ka tarar ya zauna.
A irin wannan safiya muka hau tudun asibiti,
ni da Sabela, matata mai ɗinkin taru.
Hannuwanta duk sun yi tabo,
allura ta gaji da farautar jijiya,
jijiya kuma ta koyi ɓuya
kamar kifin da ya taɓa sha da ƙyar a bakin ƙugiya.

Likita Outeiro ta ɗora abin a tafina.
Bai fi murfin kwalba ba,
ga wutsiya fara siririya.
Ta ce wutsiyar za ta bi babbar jijiya
har ta tsaya dab da zuciya.
Na ce, “Har can?”
Ta ce, “Can kogi ya fi faɗi,
magani mai zafi ba ya cin gaɓa.”

Suka binne shi ƙasan ƙashin wuya, ta dama.
Fata ta rufe, ta bar ɗan tozo.

Duk bayan mako uku, ranar Talata,
Brais mai jinya, mai sanyin hannu,
yakan laluba da yatsu uku,
ya ce ta ja numfashi,
ya soka sau ɗaya tak.
Ya fara ja, jini ya hau sirinji ja wur,
ya tafi kai rahoton na ciki:
hanta, ƙoda, ɓargo, kowa da saƙonsa.
Sannan ya zuba.
Rijiyar da ake ɗiba kuma ake shayar da ita,
ban taɓa jin labarinta ba.

Shekara arba'in da ɗaya na san jikin nan
kamar yadda na san mashigar teku cikin duhu.
Ga shi an yi masa ƙofa,
mabuɗi na hannun wani.
Abin ya ci mini rai, ba zan ɓoye ba.
Wani dare ta kama yatsana ta ɗora a kai:
“Xurxo, maɓalli ne fa,
ta ciki kawai aka ɗinka shi.”

Jikarmu Iria takan kara baki a wurin
ta yi raɗa, “Wa ke ciki?”
Sabela ta ƙanƙance murya, “Masu shara ne,
ba su gama ba tukuna.”

Wata goma sha huɗu suna shara.

Ranar da aka cire shi ta ce a wanke a ba ta.
Yana nan cikin gwangwanin sardin
tare da maɓallan tsofaffin riguna
da haƙorin farko na Iria.

Yanzu ta koma bakin tasha da zarenta.
Amma wata Talatar, in ruwa ya sauko,
nakan ga hannunta ya bar taru
ya je ƙasan wuya ya tsaya,
kamar wadda ta yi nisa da gida
tana tuna ko ta kulle ƙofa.