Bashin Fosta

Ni na buga fuskokinsu su biyun,
inji ɗaya, tawada ɗaya,
a ɗan shagona na layin Dilimi.
Tasi'u Mai-Taya, dubu uku, mai kala.
Malama Ladidi, ɗari bakwai, baƙi da fari.
Shi ya ce in shafe masa tabon goshi,
in ɗan ƙara wa fatar haske.
Ita ta ce, "Bar min furfurata,
da ita unguwar ta san ni."

Babu wanda ya biya.
"Sai bayan zaɓe," in ji kowannensu.
Na rubuta a bayan kalanda.

Ran Asabar bayan isha'i ruwan Jos ya sauko,
irin mai sanyin nan da ke bin ƙashi.
Muka cunkushe a barandar firamare,
kwano na yoyo, janareto na tari,
fitilun waya sun kewaye tebur
kamar ana duba majinyaci.
Wakilai na ƙirga da leɓe,
kowa da biro a bayan kunne.
Ni ba jam'iyya ce ta kawo ni ba,
na zo in ga ta wace ƙofa kuɗina zai fito.

Mista Azi ya gyara tabarau,
ya lashi yatsa, ya juya takarda.
Akwatin Bakin Rijiya, nata.
Akwatin 'Yan Katako, nasa.
A Ƙofar Mai-Unguwa an yi kunnen doki.
Ƙuri'a tara sun lalace,
ɗaya ma an dangwala wa kowa da kowa,
mai ita ba ya son a ga baƙinsa.
Da aka haɗa jimla aka yi tsit:
dubu da ɗari biyu da sha huɗu,
ga dubu da ɗari biyu da uku.
Mutum sha ɗaya tsakani.
Keke uku sai su kwashe su,
har da wurin ajiye buhun dankali.

Aka ɗaga Tasi'u sama,
hularsa ta faɗa kwata,
kwatar da ya rantse sau uku zai gyara.
Hon na tashi har Farin Gada.
Na ce a raina, kakata ta yanke saƙa,
mai dubu ukun ne ya ci.

Lahadi na kira, waya a kashe.
Litinin, "Honarabul yana mitin."
Laraba wani yaro ya ɗauka,
ya tambaye ni daga wace ma'aikata.

Alhamis da hantsi ina goge inji,
sai ga ta da lema mai karyayyen ƙarfe.
Ta zauna kan damin takarda,
ta ƙirgo min rabin kuɗina daga fansho.
"Sauran sai ƙarshen wata, in an biya mu."
Na ce, "Malama, Allah bai nufa ba."
Ta ce, "Ya nufa mana, Tasi'u ya nufa.
Ni na koya masa lissafi a aji huɗu,
bai taɓa son ragewa ba, sai tarawa.
Duk Litinin zai gan ni a ƙofar ofis
har sai an zuba kwalbatin nan."

Sai ta tambayi ragowar fosta.
Bayansu fari ne, in ji ta,
yaran lesin za su yi jimla a kai,
masu tabo kuma a ba Kande mai awara.

Jiya da yamma na sayi ta ɗari biyu,
aka naɗo min a fuskar Malama,
mai ya ratsa furfurar, yaji a kan ido.
Can jikin falwaya, Tasi'u na murmushi,
goshi sumul, aikin hannuna,
ruwa ya fara ɓare masa kunne.

Na koma shago na juya kalanda.
Suna ɗaya da rabin layi a kansa.
Ɗayan kuwa yana nan tsaf,
ko ƙuda bai sauka a kai ba.