Jika Uku a Aljihu

Jika uku gare ni, da 'yan daloli,
gumin kwana biyu bisa kabu-kabu,
daga Karkada zuwa Zango, daga Zango zuwa inda aka ce in tsaya.
Inna Cima jiri take gani
duk ta sunkuya ɗaukar tiren alkaki.
Likita ya ja fatar idonta ƙasa, ya ce farin ya yi yawa,
ya yi rubutu kamar tonon kaza:
bitamin, mai sinadarin ƙarin jini.

Bakin Kasuwar Dole na taka birki.
Ga Ɗan Tawai da hajarsa bisa kai,
kwali kan kwali, an ɗaure da roba,
rana na gasa su tun hantsi.
Ya zaro wani mai ruwan zinariya,
an zana ƙato a jiki, ƙirji kamar dutsen Birni.
"Wannan," ya ce, "basir, ciwon baya, mantuwa,
har sanyin maigida."
Na ce Inna shekararta tara ba maigida.
Ya ce to zai yi mini ragi.

Na juya kwalin.
Wurin kwanan wata an kankare shi da farce,
murfin kuwa wani ya riga ni buɗewa.
Maganin da ya san cutar kowa
ina zai san ta Inna?
Na miƙa masa abinsa. Ya bi ni da jika ɗaya, ya bi ni da rabi,
har na sha kwana.

A farmasi akwai sanyi, akwai layi.
Matar bayan kanta, Barira aka ɗinka a ƙirjin rigarta,
ba ta tambayi nawa na riƙo ba.
Ta ce shekarunta nawa? Tana shan na hawan jini?
Me ta ci jiya da dare?
A nan na yi shiru.
Ban san abin da Inna ta ci jiya da dare ba.

Ta sauko da uku, ta mai da biyu.
Wanda ya saura fari ne fat, ba ƙato, ba zinariya,
sai ƙananan baƙaƙe a jere kamar tururuwa.
Ta bi su da bakin biro:
nan ranar mutuwarsa, nan sunan masu yi,
nan hatimi, taɓa ka ji bai motsa ba.
"Kar yawan lamba ya ruɗe ka.
Randa in ta cika, saura ƙasa ke sha,
wani sauran ma ba ya zuba, cikin jiki yake kwana.
Ɗaya a yini. Ba da shayi ba.
In bayan gida ya yi duhu, kar ku tsorata.
A rataye shi inda hannun jika ba ya kai."

Na ƙirga mata biyu da rabi.
Ta ce, tana ba ni canji,
"Wannan ɗan rakiya ne, ba shi ne ango ba.
Ka biya ka sayi zogale, da wake,
da hanta ranar da hanya ta yi kyau."

Canjin ya tafi ga mai zogale.
Mai ya ƙare mini daidai majema,
na tura babur har gida, ina shaƙar warin fata.

Inna ta juya kwalin gaba da baya.
"Jika biyu da rabi, ko hoto babu?"
Ta zazzage su a tafin hannu, ta ƙirga da yatsa,
talatin, ta ce, sun san lissafin wata.
Ta haɗiyi ɗaya da ruwan randa, ta yamutsa fuska,
sauran ta sa cikin kwalla ta can sama,
wadda ko ni ban taɓa buɗewa ba.

Yau kwana shida.
Rigimar shayi ba ta ƙare ba,
ta dai yarda ta jinkirta shi zuwa hantsi.
Ban tambaye ta jirin ba, za ta ce da sauƙi ko babu sauƙi.
Ina dai goge babur a ƙofar gida fiye da ƙima,
ina satar kallon yadda take miƙewa daga gaban kasko,
ko za ta dafa bango.

Da dare kuma ina tambaya me ta ci.