Ƙyallen da Ke Bayan Ƙashi

A Kisumu, ɗakin hoton ƙirji ba shi da taga.
Sai na fita shan shayi nake ganin tafki,
kwalekwalen masunta na komowa Dunga,
kowanne da ƙyallensa cike da iska.

Irin ƙyallen nan nake nema a ƙirjin jarirai.
Can bayan ƙashi, bisa zuciya,
akwai ɗan nama, taimos sunansa,
a hoto yakan fito fari, mai kusurwa uku,
kamar jirgin da ya samu iska zai tashi.

Ochola, wata bakwai.
Na ɗaga hotonsa ga fitila.
Haƙarƙari na nan, sirara kamar ƙayar kifi.
Zuciya na nan.
Ƙyallen ne babu.

Akumu ta ce, me kika gani?
Hannunta na warin ƙananan kifin da take shanyawa.
Na ce, makaranta ce, 'yar'uwa.
Daga ɓargo ƙwayoyi ke tasowa, ba su san kowa ba,
su shiga nan a koya musu
wane ne ɗan gida, wane ne ɓarawo.
Jarrabawar da zafi: cikin ɗari
da ƙyar biyar ke fita da shaida,
su ne masu gadin jiki.

Ita ƙwayar ƙanjamau ba a fagen fama kaɗai take jira ba.
Har aji ta shiga.
Ta sami alamar da ke jikin ɗalibai
ta yi mata daidai, kamar ɗan makulli da kwado.
Ta kwana cikinsu, ta hayayyafa,
wasu suka mutu kan benci
tun ba su iya bambance dare da rana ba.
Bangon ajin ma ya zaizaye.
Tsufa ya riski naman da bai cika shekara ba.

Ta yi shiru. Ta gyara goyo.
Ta ce, to wa zai tsare mini shi?
Ban da amsa. Na nuna mata ƙofar Dakta Wekesa.

Magani safe, magani dare,
tana auna lokaci da fitar masunta da komowarsu.
Yakan tofar, takan sake ɗura masa.
Ran da babu kuɗin mota, da ƙafa take zuwa.

Damina biyu suka wuce.
Ya shigo yana tafiya, yana jan igiyar na'urata,
sai da mu biyu muka riƙe shi ya tsaya.
Na ɗaga hoton.
Ga wani ɗan fari-fari a gefen dama,
bai kai faɗin babban yatsa ba.

Ban ce ya warke ba, don bai warke ba.
Ƙwayar na nan, ta lafe.
Na dai kira Akumu, na aza farce a wurin,
na ce, an buɗe aji.

Ta daɗe tana kallo.
Ta ce, ƙarami ne.
Na ce, haka yake a ido
duk jirgin da ke tahowa daga nesa.