Masar Farko

A Jega na buɗe shago da jarin aro,
Littafin lissafi sabo fil, hannuna na rawa.

Sai na tuna Inna Kulu gaban tanda da asuba,
Ƙullun da ya kwana yana kumfa cikin ƙwarya.
Masar farko kullum sai ta kama, ta ƙone a gefe,
Ban taɓa jin ta yi tsaki ba.
Takan miƙo mini: "Ungo, wannan kuɗin wuta ne,
Tanda sai ta sha mai take sanin mai ita."

Watan farko na faɗi dubu goma sha bakwai.
Na ce kuɗin wuta ne, na rufe littafi, na yi barci.

Baba Arzika kuwa dara ce tasa,
Gindin ceɗiya, bayan la'asar.
Yakan bar ɗa guda a ci masa,
Mai ci na dariya, shi yana ƙirga rami uku gaba.
Ranar da Nomau ya taya albasata ƙasa da sari,
Na haɗiye miyau, na sallama.
Bana shi ke jawo mini 'yan Yawuri mota-mota.

Tattabarun ƙanena Tunau fa?
Ya saki goma da safe, tara suka dawo.
Bai tsaya cigiyar ta goman ba,
Ya watsa wa taran gero, ya sauya musu ruwa.

Wannan karatun ne har yau ban haddace ba.
Akwai wanda nake bi bashi a Aliero,
Shekara biyu ke nan,
Ga masu saye tsaye bakin kanta,
Ni kuwa ina duban sama.