A Juye

Jikata Mazal ta dawo daga ajin majami'a
da jaka mai hoton kyanwa,
da littafi nata ita kaɗai, sunanta a bango.
Ta same ni a baranda ina bin layi da yatsa.
Ta tsaya, ta karkata kai,
ta ce, "Kaka, ka riƙe shi a juye."

Zo nan, 'yar nan. Idona bai mutu ba tukuna.

A Raida, can kan duwatsun Yaman,
ɗakin karatunmu na jingine da majami'a
kamar ɗan akuya a jikin uwarsa.
Taga ɗaya, tabarma biyu, Mori Awad,
da littafi guda tak
wanda ya girmi mori, ya girmi uban mori,
gefensa ya yi baƙi da maiƙon yatsu.
Mu takwas muke kewaye shi kamar akushi.

Zakariya ɗan maƙerin azurfa ne ke gabansa sosai,
don ubansa ne ya ɗinke bangon.
Yihya da Sa'adiya na gefe, suna karatu a kaikaice.
Ni kuwa kullum a makare,
sai na kai wa inna ruwa daga rijiya,
wurina na can ƙetare, inda sama ta koma ƙasa.

Alef ba ruwanta, ta ko'ina ka zo mata ita ce.
Amma lamed mai wuyan raƙumi,
ni na san ta ne da kai a ƙasa, tana shan ruwa.
Shin da kuke gani da kawuna uku,
ƙafa uku gare ta a wurina, kamar tukunyar ƙarfe.
Ɗige-ɗigen da ke ƙarƙashin baƙaƙe
a bisa na same su, na ɗauka taurari ne.

Mori ba ya duban takarda.
Yana murza zaren mayafin addu'a a cinya, ido rufe,
yana tsintar kuskure cikin muryoyi takwas
kamar mai tsince tsakuwa a alkama.
In ya ce "sake", har tukkun kunnenka sai ya yi rawa.

Ina shekara bakwai, wata Asabar,
aka ɗora ni kan akwati gaban manya
in amsa wa mai karatu da Aramiyanci, aya bayan aya.
Wani mai kirki ya miƙo min littafin daidai.
Na duba, ban ga kowa da na sani ba.
Raƙumina ya ɗaga kai, ya zama baƙo.
Majami'a ta yi tsit. Na ji tarin mahaifina.
Sai mori ya taso, takalmi ɗaya a ƙafa,
bai ce uffan ba,
ya juya min shi.
Murya ta dawo kamar ruwa a kwazazzabo.

Shekarar da muka hau jirgin sama,
aka sa littafin a akwati, aka ce zai biyo mu ta teku.
Har yau yana hanya.
Mori bai kai rani na biyu a tanti ba.
Zakariya ya tuƙa bas a nan Rehobot shekara talatin,
shi ma bara muka raka shi.

Mazal ta yi shiru tana wasa da igiyar jaka.
Sai ta zagaya tebur, ta ja kujera,
ta zauna tana fuskantata.
"Ta nan ai daidai yake," in ji ta.

Ashe shekara saba'in da wani abu
na gabana nake riƙe wa littafi.

Ta ɗora yatsa daga can, na ɗora daga nan.
Ta ce lafazina na tsofaffi ne, malamarsu ba haka take faɗa ba.
Na ce sake.
Uwarta ta kira mu sau biyu, miya na hucewa.